Ranar da Inna Ta Faɗi Sunana

Zuwa ga Uwata, takwarar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga mahaifinki, tare da roƙon Allah ya tsare ki a hanyar Yamai, ya sauke ku lafiya ke da duk wanda ke cikin motar. Na ce wa mahaifiyarki ta cusa takardar nan a ƙasan jakarki, ƙarƙashin kilishi, domin na san halinki, ba za ku kai Tawa ba sai kin nemi kilishin nan.

Labarin gida ba zan ba ki ba, yau kika baro shi. Kwana goma sha biyu ke nan muna kwana gida ɗaya ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana da sannu, tun ranar da na zare katin da ke cikin kamararki, wanda duk hotunan kakarki da muryarta suke ciki, na ce ba za a nuna uwata a duniya ba. Kin yi fushi, kuma fushin naki irin nawa ne, ba ya magana, sai dai ya ajiye kwano da ƙarfi. Ga shi za ki tafi koyon harhaɗa fim, aikin shekara biyu da kika yi a kan Inna kuma yana aljihuna. A kansa nake son mu yi magana. Baki ya gagare ni, shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da na tsinta a lakwal kafin a mayar da ni kwaɓa ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa miki inda na yi kuskure, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Kin tuna ɗakin Inna kafin in taɓa shi? Kina ƙarama ba ki kula ba, amma bangon nan mahaifina ne ya yi masa zane da yatsunsa tun ƙasar tana ɗanya, shekarar da aka kawo Inna amarya daga Tagidda. Akwai alkuki kusa da gado inda take ajiye tasbaha da kwalli. Da gigin tsufa ya fara kama ta, tana manta inda ta ajiye abu, tana tambayar abin da ta tambaya yanzu, sai lokotoron asibiti ya ce a sama mata haske da natsuwa. Ni kuwa magini, abin da na ji shi ne a gyara ɗaki. Na tura ta gidan ƙanwarta na mako guda, na toshe alkukin, na shafe bangon da siminti sumul, na bi shi da shuɗin launi. Har maƙwabta na kira su gani, ina ta washe baki kamar wanda ya gina masallaci.

Da aka dawo da ita sai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama. Ta jira a amsa. Sannan ta shiga a hankali tana shafa bango da tafin hannunta, tana neman zanen, ba ta same shi ba. Ta juyo ta ce mini masu ɗakin nan ba su nan, in mayar da ita gida. Daga ranar ta fara fita neman gida, kuma ke kanki sau biyu kika samo ta a lungunan bayan babban masallaci tana tambayar mutane hanya. Ashe idonta ya daɗe da sakin ɗakin, hannunta ne yake riƙe da shi. Garin neman gira na rasa ido. Na fasa simintin, zanen ya biyo shi ya zube. Na zauna kwana uku ina kwaikwayon hannun mahaifina, da na gama ta shafa ta ce wannan maginin sabon shiga ne, a yi masa haƙuri. Shekarata talatin a kan sana'ar nan a lokacin.

To, a makarantar da za ki, na ji an ce babban aikin shi ne yankewa da gogewa, a cire abin da ya yi tsawo, a daidaita abin da ya karkace. Ki koya, sana'a ce. Amma in kin zo kan Inna ki sassauta hannu. Inda ta maimaita magana sau uku, kada ki mayar da ita sau ɗaya don ta yi daɗin ji. Inda ta yi shiru tana neman kalma, ki bar shirun ya kai inda ya kai. Kafin ki goge komai ki tambayi kanki ko a wurin ne wani yake dafawa, tambayar da ni ban yi ba.

Sai maganar ramuka. Wannan kam ke kika koya mini, kuma ba zan ji kunyar faɗa ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma wanda ya yi karin maganar nan bai zauna gidanmu ba. Lokacin da Inna ta fara haƙa ƙananan ramuka a tsakar gida da ludayi, tana shafe cikinsu da laka, tana zuba ruwa, ni abin da na gani shi ne tsohuwa tana wasan ƙasa, da ruwan da muke wahalar samu yana tafiya a banza, da matan maƙwabta da ke shigowa aron turmi su fita da labari. Kowace safiya kafin in tafi aiki sai in bi ramukan in cike su da ƙafa. Ta fito ta tarar babu, ta zauna tana kuka wai raƙuma sun tattake mata aiki. Har na taɓa ce mata ita fa ba yarinya ba ce. Wannan kalma tana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kai.

Ke kuwa kika tsuguna kusa da ita kika tambaye ta me ake yi. Ina daga zaure ina ji. Matar da ba ta iya tuna ko ta ci abincin rana ta yi kusan awa guda tana bayani ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba: ƙasar da ake ɗebowa mai gishiri, yadda ake jiƙa ta a babban rami, yadda ake kwashe ruwan a rarraba a ƙanana rana ta sha, yadda ake yayyafa ruwa da yatsu don ɓawon da ya taso ya nutse wani ya sake fitowa. Ramukan gishirin Tagidda take yi, aikin da ta tashi a cikinsa tare da uwarta kafin aure. Ni ɗanta na san daga can take, amma ban taɓa tambayar ta yadda ake yi ba. Gishiri kawai nake ci.

Na kuma san ke ce kike satar gishirin miya kina barbaɗawa a ramukan idan ta shiga barcin rana, don ta fito ta sami abin kwasa. Mahaifiyarki ta yi ta mita wai gishiri ba ya albarka a gidan nan, ni kuwa ban tona miki asiri ba. Da Inna ta ɗanɗana ta ce fari ne, ba shi da ƙarfi, na bana bai yi kyau ba, sai na roƙi wani direba da ke bin hanyar Ingal ya kawo mini jan na can. Ranar da ta lasa shi ta yi dariyar da na yi shekaru ban ji ba. Tun daga nan na daina cike ramuka, na koma mai kwaɓa mata laka.

Abin da zan ce miki a nan shi ne, duk wanda za ki ɗora wa kamara, ki fara tambayar sa abin da ya sani. Mutane za su so ki nuna musu tsohuwar da ta ruɗe don su ce Allah sarki, su share ido, su tafi cin abinci. Kada ki sayar musu da tausayi mai araha. Ki fara da hannunta a kan ruwa, su san ƙwararriya suke kallo, sannan su ga abin da ciwo ya ɗauke mata. Kuma tunda ba za ki iya neman izininta yanzu ba, ki nemi izinin waccan Innar da kika sani kina ƙarama, wadda ko ɗiban ruwa za ta fita sai ta gyara lulluɓi. Duk inda kallabinta ya zame, ko aka ga ana canza mata zane, ko tana kukan da ba ta san dalilinsa ba, wannan namu ne na cikin gida. Ba sai na tsaya a kanki ba, kin san kakarki.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Kin san ni ne ɗan farin Inna, kin kuma san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Ana yaye ni aka kai ni wurin Goggo, yayar mahaifina, lungu biyu tsakaninmu. Ku yaran yanzu kuna jin abin kamar tatsuniya, kuna cewa ai kowa ya san kunya ce ba ƙiyayya ba. Babba ne ya san haka. Yaro ɗan shekara shida da ya faɗi a ƙofar gidan uwarsa ya fasa goshi, ta leƙo ta ce a kira goggonsa ta koma ciki, bai san wata al'ada ba. Na girma ina ganin tana goya ƙannena, tana kiran su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu har da na wasa. Ni kuwa “kai”, ko “yaron nan”, in ta yi nisa ta ce “ɗan Goggo”. Na yi aure, na haife ku, furfura ta fito mini, ina nan a yaron nan. Ban taɓa riƙe ta da mugun nufi ba, Allah ya sani. Amma wani wuri a cikina ya daɗe a bushe, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarki.

Ranar nan bayan la'asar kina wurin, kamararki na kan turmi tana ɗauka, amma bari in faɗa miki yadda abin ya kasance daga inda nake zaune. Ina kwaɓa laka, ta ɗago ta dube ni kallon baƙo. Ta ɗauke ni ɗaya daga masu raƙuman da ke zuwa sayen gishiri. Ta yi mini sannu da hanya, ta tambaya ko Agadas na nufa, na ce e. Sai ta matso, ta rage murya kamar mai tsoron a ji.

“In ka isa, don Allah ka duba mini ɗana. Yana hannun goggonsa. Idrisa sunansa.”

Hannuna yana cikin laka, na kasa ciro shi. Ta ci gaba da ba ni kwatance don kada in ɓata. Ta ce yana da tabo a goshi, ranar da ya samu tabon ta shiga ɗaki ta ciji zanenta don kada a ji kukanta. Ta ce ba ya son fura mai tsami, ta sha aikawa da nono sabo gidan goggon a ce daga maƙwabta ne. Ta ce akwai wata kafa a katangar gidansu, ta nan take kallonsa kullum idan zai wuce makarantar allo, kuma tafiyarsa irin ta ubansa ce, kamar ana bin sa. Sau uku ta faɗi sunan. Na ƙirga.

Da ina da hankali da na yi shiru, na zama mai raƙumin nan har magariba, in sha labarina daga bakinta. Amma zuciya ta ci ni. Na kama hannunta na ce:

“Inna, ni ne. Ni ne Idrisa.”

Kin ga abin da ya biyo baya. Ta dube ni, ta dubi goshina, wani abu ya dawo mata a ido. Ta zare hannunta, ta ja mayafi ta rufe baki, ta kawar da kai.

“Kai, wa ya ce ka zauna nan? Tashi ka ba mutane wuri.”

Ciwon ya ɗauke mata sunan unguwarmu, ya ɗauke mata shekarunta, amma kunyar nan tana nan inda take, ni na je na tashe ta. Kwana biyu ba ta fito wurin ramukan ba. Tun daga ranar na sha zama kusa da ita da rawani a fuska, ina yi mata maganar raƙuma da farashin gishiri, ko za ta sake aikena. Ba ta sake ba. Yanzu ma maganar tata ta ragu, kin sani.

Uwata, kada ki yi gaggawar a san ki. Wannan ita ce nasihar da na saya da tsada. Idan mutum ya buɗe miki abin da ya daɗe yana rufewa, ki zauna a inda ya ajiye ki, ko da a matsayin baƙuwa ne. Ba kowace gaskiya ce ake faɗa a lokacin da ta zo baki ba. Aikinki ma haka yake, ina ji. Mai ɗaukar labarin mutane in ya cika son a ga fuskarsa, labarin guduwa yake yi.

Da kika zo mini da murna kina cewa wurin nan shi ne zuciyar fim ɗin, malaman da suka ɗauke ki ma shi za su fi so, sai na tashi da faɗa. Na ce kina son ki kai tsiraicin kakarki kasuwa don a tafa miki. Na ga yadda maganar ta shige ki, na kuma ƙi janye ta. Ki yafe mini. Ke da kika yi shekara biyu kina yanke mata farce, kina tauna mata goro, ba ke za a gaya wa haka ba. Akwai gaskiya kaɗan a tsorona, amma ba ita ta sa na zare katin ba. Rowa ce. Abu ɗaya uwata ta taɓa ba ni wanda ba ta ba ƙannena ba, sai na ji za a raba shi da mutanen da ba su san ko sunan lungunmu ba. Kuma na ji kunyar a ga ƙaton magini da furfura yana kuka a kan laka.

Abin dariyar shi ne, kwana goma sha biyun nan katin yana aljihun rigata a ƙulle cikin ƙyalle, ban ji ko kalma ɗaya daga cikinsa ba. Ban san yadda ake buɗe shi ba. Sau biyu ina zuwa bakin rumfar masu gyaran salula a kasuwa, in tuna sai sun ji kafin in ji, in juyo. Na hana ki, ni ma ban samu ba. Idan fushi ya ba ki shawara, ki bar ta ta kwana. Ni tawa ban bari ta kwana ba, ga inda ta kai ni.

Ki duba cikin ambulan ɗin, ƙyallen yana nan a kusurwa. Katinki ne, aikinki ne, na mayar miki. Ki yi fim ɗin. Na yi tunani na ga cewa idan muka ɓoye Inna, nan da shekaru kaɗan abin da za a tuna a unguwa shi ne tsohuwar nan da ta ruɗe tana haƙa rami, alhali a wurinki ne kawai aka ajiye shaidar ko wace ce ita. Akwai kuma gidaje da yawa a garin nan da ke da irin Inna a ƙuryar ɗaki an ja labule, da ɗa irina da ke cike ramuka da ƙafa. Wataƙila wani ya gani ya tsuguna ya yi tambaya. Sharaɗina shi ne, kafin baƙo ya gani, ki kawo shi nan tsakar gida mu fara kallo, da mu da ƙanwarta, ita ma a zaunar da ita a gaba ko ba za ta gane kowa ba.

Wurin nan na bayan la'asar ma ki bar shi. Ki bar tabon, da nonon, da kafar katanga, ki bar wautata da korar da aka yi mini, kada ki rage don ki rufa mini asiri. Abu ɗaya nake roƙo. A wurare ukun da ta faɗi sunan, ki ɗauke sautin, a ga bakinta yana motsi kawai. Na san ɗazu na ce kada ki goge, kuma na san za ki kama ni da wannan, don gardama a jininki take. Amma shekara hamsin da shida matar nan tana riƙe da sunan a bakinta ba ta bari ya fita gaban mutane ba, kuma ko a ranar rage murya ta yi, mutum ɗaya ta gaya wa. Ba mu da ikon mu ɗaga mata murya. Mutanenmu in sun ga shirun za su san abin da ke ciki. Waɗanda ba su sani ba su tambaye ki.

Na asali da kika ɗauka a wurin nan kuwa, wanda ba a taɓa ba, mai sautin duka, ki turo mini shi a salulata ni kaɗai, da zarar kin sami inda za ki zauna. Kada ki jira sai kin gama karatun. Ki kuma rubuto mini dalla-dalla inda ake dannawa ya koma farko, domin sau ɗaya ba zai ishe ni ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ki daga sharrin hanya da na gari. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, ki riƙa kiran mahaifiyarki ko ba ki da abin faɗa. Allah ya yi wa hannunki da idonki albarka, ya sa ki dawo ki tarar da takwararki da rai. Ya ba ta sauƙi, ya sa ƙarshenta ya yi kyau, mu kuma ya ba mu haƙurin zama da ita yadda take. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinki,
Idrisa magini, Agadas